Idan ƙarfen farko ya gaza: a sake ɗaure ƙashin, a canja rabin kwatangwalo, ko a canja shi gaba ɗaya?

Wanda ya karye a saman cinya aka shiga da shi tiyata aka sa masa ƙarfe yakan ɗauka magana ta ƙare. Ga mutane da yawa ta ƙare ɗin, ƙashi ya haɗe, sun koma kasuwa da gona. Amma akwai waɗanda bayan wata shida, ko shekara, wani ma sai bayan shekara uku, ciwo zai dawo musu a matsematsi. Ƙafar ta fara gajarta, tafin ya riƙa kallon waje, ɗingishi ya ƙaru, saka takalmi ma ya zama aiki. In aka ɗauki hoton ƙashi, abu uku aka fi gani: ko dai karayar ba ta haɗe ba tun farko, ko kusar ta huda kan ƙashin ta leƙa cikin gaɓa, ko kuma kan ƙashin ya mutu ya lotsa.

Wannan ba lallai ne ya zama gazawar likitan farko ba. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, wato dunƙulen da ke juyawa a cikin ƙoƙon kwatangwalo, ta jikin wuyan ƙashin suke bi. Idan wuyan ya karye ya goce, sukan tsinke tun a wurin haɗarin, kafin a kai mutum asibiti. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2017, wanda ya bi sama da mutum 1,000 masu shekara 50 zuwa sama da aka ɗaure musu karayar wuyan cinya da ƙarfe, ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar sai da aka sake yi musu aiki cikin shekara biyu. A manyan asibitocin duniya ke nan, masu kayan aiki a wadace.

To idan aka zo nan, likita yakan ajiye wa majiyyaci da 'yan'uwansa hanyoyi uku: a sake ɗaure ƙashin a gyara masa zama, a cire mataccen kan a sa na ƙarfe a bar ƙoƙon yadda yake, ko a canja kan da ƙoƙon duka. Kowace tana da wanda ta dace da shi, kuma kuskuren da na fi jin tsoro shi ne a zaɓa da farashi kaɗai, ko da labarin wani maƙwabci da aka yi wa dashen kwatangwalo ya miƙe cikin mako biyu. Shi maƙwabcin wuƙa ba ta taɓa shiga wurin ba kafin nan. Naka ta shiga.

Abin da ya sa aiki na biyu ya bambanta

Ƙashin da aka taɓa sa wa ƙarfe kamar katako ne da aka buga wa kusoshi aka zare: yana nan tsaye, amma kowane rami wurin tsagewa ne. Bayan ramukan, ga watannin da mutum ya yi ba ya taka ƙafar sosai, waɗanda suke sa ƙashin ya yi laushi. Ga tabon ciki, wanda ke manne tsoka da tsoka, wani lokaci ya lulluɓe babbar jijiyar da ke sauka ta bayan cinya har likita ya sha wahalar gane ta. Ga tsokokin gefen ƙugu da suka saba da gajeriyar ƙafa suka ƙanƙance.

Sai shi kansa cire tsohon ƙarfen, wanda mutane suke ɗauka abu ne na minti biyar. Kusar da ta shekara huɗu a jiki ƙashi yakan tsiro ya rufe kanta, sai an sassaƙe kafin a gan ta. A sa abin kwancewa a murɗa, ramin kan kusar ya cinye, abin ya riƙa zamewa. Ko a murɗa ta karye a tsakiya, rabinta ya rage a can ciki, sai an kawo wani bututu mai haƙora an yanke ƙashin da ke kewaye da ita. Ko kuma a tarar kamfanin da ya ƙera ƙarfen daban ne, makwancinsa ba irin na asibitin ba ne. Duk wannan majiyyaci yana kwance, jini yana zuba, lokaci yana tafiya. Shi ya sa ƙwararru da yawa sukan fara fitar da kan ƙashin daga ƙoƙonsa tun ƙarfen yana jiki, sannan su cire ƙarfen, domin murɗa cinyar da aka riga aka zare wa kusoshi na iya karya ta a hannunsu.

Saboda haka aikin ya fi daɗewa, ya fi cin jini, kuma haɗarin gocewar gaɓa, shigar ƙwayoyin cuta da tsagewar ƙashi ya fi na wanda ake yi wa dashe karo na farko. Ya fi kusa da aikin sake dashe. Duk wanda ya ce maka ɗaya suke, ka ƙara tambaya.

Kafin a zaɓi komai, a tabbatar babu ƙwayar cuta

A nan nake so in fi daɗewa, don nan ne ake asarar dukiya da ƙafa. Ɗaya daga cikin dalilan da ke hana karaya haɗewa shi ne ƙwayoyin cuta da suka zauna a jikin ƙarfen suka yi masa wani siririn yauƙi da maganin sha ba ya iya ratsawa. Ba dole ba ne a ga mugunya ko zazzaɓi. Wani lokaci alamar kawai ita ce miki ya daɗe yana tsattsafo da ruwa bayan aikin farko, aka yi ta ba da ƙwayoyi har ya rufe, kowa ya manta. In aka ɗora sabon kwatangwalo mai tsada a kan wannan, ƙwayoyin za su koma kansa, kuma ƙarshenta sai an cire shi.

Don haka a yi gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna alamar kumburi ko cuta a jiki. In sun hau, ko tarihin mikin yana da alamar tambaya, a sa allura a zuƙo ruwan gaɓar a kai ɗakin gwaji, kuma ya kasance majiyyaci ya daina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar mako biyu kafin nan, in ba haka ba gwajin zai fito fes alhali cutar tana nan. A faɗa wa likita gaskiya game da duk abin da aka saya a kemis. A ranar aikin ma a ɗebi nama daga wurare daban-daban a aika gwaji.

Wannan ne ke raba gardamar aiki ɗaya ko biyu. In babu alamar cuta, a cire ƙarfe a sa sabon kwatangwalo a zama ɗaya: allurar barci ɗaya, kuɗin ɗakin tiyata ɗaya, jinya ɗaya. In akwai cuta, ko ana kyautata zaton akwai, a raba: a cire ƙarfen, a kankare duk mataccen nama, a sa wani dunƙulen simintin ƙashi, irin na tiyata, mai ɗauke da magani ya riƙe gurbin, a sha ko a karɓi allurar magani na kimanin mako shida, a sake gwaji, sannan a dawo a sa na dindindin. Ya fi tsada, ya fi gajiyar da iyali, kuma na san yadda 'ya'ya kan ce, “Likita, Baba ba zai iya shiga sau biyu ba.” Amma wanda ya tsallake wannan mataki da cuta a jikinsa, sau uku ko huɗu yakan shiga.

Sake ɗaurewa: a riƙe na Allah muddin yana da rai

Ga matashi ɗan shekara 25 ko 35 da babur ya kayar, karayar wuyan cinyarsa ta ƙi haɗewa amma kan ƙashin yana da rai, ni ina ganin wannan ce hanyar da za a fara dubawa. Dabarar ta samo asali daga aikin wani likitan Jamus, Friedrich Pauwels, wanda a 1935 ya bayyana cewa karayar da layinta ya miƙe tsaye nauyin jiki zamar da ita yake yi, wadda kuwa layinta ya kwanta nauyin jiki matse ta yake yi ta haɗe. Sai a yanke ɗan yanki daga ƙashin a ƙasa da karayar, a karkatar da saman yadda layin zai kwanta, a ɗaure da sabon ƙarfe. Yawancin rahotanni sun nuna cewa kashi 80 cikin ɗari ko fiye suna haɗewa, kuma ƙafar takan ɗan dawo da tsawon da ta rasa.

Amfaninta a fili yake. Gaɓar mutum ce ta asali, zai iya tsuguno, ya zauna a tabarma, ya ɗauki kaya, ba ya fargabar gocewa. Kayan aikin ma sun fi araha nesa ba kusa ba.

Sai dai tana da sharuɗɗa. Dole kan ƙashin ya kasance da rai kuma bai lotsa ba, abin da hoton MRI ya fi nunawa, ko da yake ƙarfen da ke wurin kan ɓata hoton. Dole guringuntsin ƙoƙon ya kasance lafiya. Dole majiyyaci ya iya haƙurin wata biyu zuwa uku a kan sanduna ba tare da ɗora cikakken nauyi ba, kuma ya bar sigari, don hayaƙin taba yana hana ƙashi haɗewa. Duk da haka kan ƙashin na iya mutuwa daga baya. In kuwa hakan ta faru, an canja siffar saman cinyar, dashen da za a yi nan gaba zai ƙara wuya. Ga tsohuwa mai shekara 70 da ƙashinta ya yi laushi, wadda ba za ta iya tafiya da ƙafa ɗaya a kan sanduna ba, sake ɗaurewa jan wahala ne kawai. Ƙashin da ya kasa riƙe kusa ta farko da wuya ya riƙe ta biyu.

Me ya sa ake jin nauyin yi wa matashi dashe? Saboda kayan suna da wa'adi. Wani nazari da Lancet ta buga a 2019, wanda ya tattara bayanan rajistar dashe ta ƙasashe, ya nuna kimanin kashi 89 na dashen kwatangwalo suna kai shekara 15, kashi 70 shekara 20, kashi 58 kuma shekara 25. Kayan yau sun fi na wancan zamanin ƙarko, amma ɗan shekara 30 mai aikin ƙarfi ya sa a ransa cewa zai iya komawa ɗakin tiyata aƙalla sau ɗaya a rayuwarsa, kuma kowace komawa tana cin ƙashi.

Rabin dashe

A nan ana yanke mataccen kan, a zura sanda a cikin ɓargon cinya mai ɗauke da dunƙulen ƙarfe, shi kuma ya riƙa juyawa a cikin ƙoƙon mutum na asali. Tsohuwar dabara ce, tun shekarun 1940 da 1950 da likitocin Amurka Austin Moore da Frederick Thompson suka fito da nasu samfuran, kuma har yau ana sa irinsu a asibitocinmu saboda sauƙin kuɗi. Akwai na zamani mai kai biyu, ƙaramin dunƙule a cikin babba.

Aikin ya fi gajarta, jinin da ake zubarwa ya fi kaɗan, kuma da yake dunƙulen babba ne, bai cika gocewa ba. Ga dattijon da ya haura 80, mai ciwon zuciya, wanda tafiyarsa ba ta wuce ɗaki zuwa tsakar gida, ko wanda mantuwa ta kama ba zai riƙe dokokin zama da kwanciya ba, wannan ya wadatar, kuma ba ragi aka yi masa ba.

Matsalarsa guda ce amma babba: ƙarfe yana goga guringuntsi. Ga mai yawan tafiya, cikin 'yan shekaru ƙoƙon zai fara cinyewa, ciwon matsematsi ya dawo. Ga wanda aka taɓa yi wa aiki kuwa, sau da yawa ƙoƙon ya riga ya lalace kafin a zo. Kusar da ta huda kan ƙashin ta yi watanni tana karce shi da kowane taku. In likita ya buɗe ya ga guringuntsin ya zaizaye, rabin dashe ba zai kawar da ciwon ba. Shi ya sa ya kamata a yi yarjejeniya tun a ofis: idan an shiga da niyyar rabi aka tarar ƙoƙon ya lalace, akwai cikakken a ajiye a ɗakin? An tanadi kuɗinsa? Kada a bari sai majiyyaci yana kan gado a fito ana neman 'yan'uwa a baranda.

Cikakken dashe

Shi ne aikin da John Charnley ya daidaita a asibitin Wrightington da ke Ingila a farkon shekarun 1960: sanda a cinya, ƙoƙo na roba mai tauri a ƙugu. Yau ƙoƙon yakan zama kwanon ƙarfe da aka shimfiɗa wa roba ko tangaran a ciki, dunƙulen kuma na ƙarfe ko na tangaran. Wajen kawar da ciwo da dawo da tafiya, babu wanda ya kamo shi cikin ukun. Ga mai shekara 55 zuwa 75 da ke da sauran ƙarfi, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana harkokinsa, ƙarfen farko kuma ya gaza, ra'ayina a nan yake. Haka ga matashin da kan ƙashinsa ya riga ya mutu ya lotsa, domin babu abin da ya rage a ceta.

Abin da ake biya a madadin haka shi ne haɗarin gocewa. Wani nazari da aka buga a 2019 a mujallar likitanci ta New England, kan sababbin karayar wuyan cinya, ya samu gocewa ko rashin zaman gaɓa a kashi 4.7 na masu cikakken dashe, da kashi 2.4 na masu rabi, cikin shekara biyu. Waɗannan ba a taɓa yi musu aiki a wurin ba, don haka ga wanda tsokokinsa suka riga suka sha wuƙa, a sa ran adadin ya fi haka. Akwai maganin da ya rage wannan sosai, wato ƙoƙo mai motsi biyu da likitan Faransa Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a shekarun 1970, inda dunƙulen ke juyawa a cikin wata roba, robar ma tana juyawa a cikin kwanon. Ya fi tsada, amma ga wanda ake yi wa aiki na biyu, ya cancanci a tambaya ko akwai shi.

Wurin da aka karye tun farko yana canja lissafi. In a wuyan ƙashin ne aka sa kusoshi uku, ramukan ƙanana ne kuma a sama suke, sanda ta yau da kullum takan isa. In kuwa a ƙasa da wuyan ne, inda ƙashin ya yi faɗi, aka sa babbar kusa da shimfiɗaɗɗen ƙarfe a gefe, ko sanda a cikin ɓargo, to aikin ya ƙara nauyi. Ramukan sun sauka ƙasa, kuma ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce sabuwar sandar ta zarce rami na ƙarshe da kamar faɗin ƙashin sau biyu, don kada ya karye a nan. Ke nan ana bukatar doguwar sanda irin ta sake dashe, wadda ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. Sau da yawa kuma tudun ƙashin da tsokokin gefe ke kamawa ya rabu, sai an ɗaure shi da waya. In bai kama ba, ɗingishi ba zai tafi duka ba ko da ciwon ya tafi, kuma gara a faɗa wa mutum wannan tun kafin aiki.

Maganar tsawon ƙafa ma haka. Wanda ƙafarsa ta gajarta da santimita biyar ko shida tsawon shekaru yana fatan a mayar masa daidai. Jijiyar bayan cinya ba ta jure ja da yawa lokaci ɗaya, kuma likitoci kan yi taka-tsantsan da zarar ƙarin ya doshi santimita huɗu. In aka matsa, mutum na iya farkawa tafin ƙafarsa ya saki. Ƙarin tsayi a ƙasan takalmi ya fi wannan sauƙi.

Da siminti ko babu

Simintin ƙashi yana kama sandar nan take, mutum ya taka washegari, kuma a cikin laushin ƙashin tsofaffi yana rage haɗarin tsagewa. Ana iya gauraya shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Illarsa ga wanda aka cire wa ƙarfe ita ce yana tsiyaya ta tsofaffin ramuka, sai an toshe su kafin a matsa shi. Lokacin matsa shi kuma hawan jini na iya faɗuwa farat ɗaya ga mai raunin zuciya, don haka mai ba da allurar barci ya san da zuwansa.

Marar siminti ana buga shi ne ya matse, ƙashi ya tsiro ya kama jikinsa cikin makonni. Ya fi dacewa da matasa masu ƙwarin ƙashi, kuma dogayen sandunan da ke kamawa can ƙasa da ramuka yawanci irinsa ne. Haɗarinsa a lokacin bugawa yake, inda ƙashi mai ramuka kan tsage, shi ya sa wasu ke ɗaura waya a kewaye tun kafin su fara. A taƙaice tsoho mai laushin ƙashi da ramuka a sama ya fi karkata ga siminti, matashi ko mai ramuka har ƙasa ya fi karkata ga marar siminti. Wannan zaɓin a bar wa likita, amma a nemi ya faɗi dalilinsa.

Masu sikila, da waɗanda aka taɓa wa ƙugu ko aka yi wa aiki tun yarinta

A ƙasar Hausa ba za a yi wannan magana a tsallake masu sikila ba, domin mutuwar kan ƙashin cinya na cikin abin da ya fi addabar matasansu. Da yawa an taɓa yi musu aikin huda ƙashi don rage matsi da jawo sabon jini. Wannan hudar ba ta cika dagula dashe ba. Abin da ke dagula shi cutar ce da kanta: ramin ɓargo yakan toshe da ƙashi mai tauri a wasu wurare, ya yi laushi a wasu, har abin huda ya kauce ya fasa gefe. Ga tarihin ciwon ƙashi mai ƙwayar cuta da da yawansu suka yi tun suna yara. A wurinsu rabin dashe ba ya daɗewa, cikakken ne ake so, kuma yawancin ƙwararru sun fi son marar siminti. Dole likitan jini ya shiga cikin shirin tun farko: ƙarin jini kafin aiki in ana bukata, ruwa isasshe, iskar oksijin, da ɗumi a ɗakin tiyata da bayan an fito, don kada ciwon ya tashi. Asibitin da ba shi da bankin jini abin dogaro ba wurin wannan aiki ba ne.

Wanda ƙoƙon ƙugunsa ne ya fashe a haɗarin mota aka ɗaure da ƙarafa, shi rabin dashe bai ma taso ba, tunda ƙoƙon ne matsalar. Abin da zai ba shi mamaki shi ne ba lallai a cire ƙarafan duka ba. In ba su tare hanya ba kuma babu cuta, barinsu ya fi tono su, saboda jijiyar bayan cinya tana kwance kusa da su cikin tabo. A yi hoton CT a ga ko ƙashin ya haɗe da kuma girman giɓin da za a cike. Waɗanda aka yanke wa ƙashi tun yarinta don gyara gaɓa kuwa, cinyarsu kan zo a karkace, wani lokaci sai an sake yanke ta an miƙar kafin sanda ta shiga.

Akwai kuma wanda bayan ƙarfen ya gaza ya koma wurin mai ɗori, aka yi ta ja da ɗauri da tsaga ana shafa magani. Masu ɗori suna da gurbinsu a al'umma, amma karayar da ke cikin gaɓar kwatangwalo hannu ba ya kai mata daga waje, kuma tsagar da aka yi a fatar wurin ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A faɗa wa likita an je, ba abin kunya ba ne, yana canja irin gwajin da zai yi.

In cuta ta ƙi jin magani, ko jiki ba zai ɗauki babban aiki ba, akwai hanya ta huɗu da likitan Ingila Girdlestone ya yi suna da ita tun zamanin tarin fuka na ƙashi: a cire kan ƙashin a bar wurin haka, nama ya cike. Ƙafar za ta gajarta sosai, sanda ta zama abokiyar tafiya, amma ciwo yakan ragu, cutar kuma ta mutu, mutum ya iya zama har ƙasa.

Sallah, tabarma da bayan gida

Littattafan Turawa kan yi maganar komawa tuƙi da wasan golf. Mu tambayarmu ita ce sujada, zaman tahiya, cin abinci a ƙasa da masai na tsuguno. A makonni shida zuwa wata uku na farko bayan dashe, musamman in ta baya aka shiga, ana hana lanƙwasa cinya fiye da zaman kujera, da harɗe ƙafa, da juya ta ciki. Sallah a kan kujera ce a wannan lokaci, kuma addini ya ba da wannan sauƙi ga marar lafiya. A tanadi masai na zama ko kujera mai rami tun kafin a dawo gida, a ɗaga katifa daga ƙasa. Bayan nan mutane da yawa suna komawa sujada, amma ga wanda aka yi wa aiki na biyu, likitan da ya ga tsokokin da idonsa shi zai ce yaushe. A gaya masa tun farko cewa zaman ƙasa yana cikin rayuwarka, domin yana iya sa ya zaɓi babban dunƙule ko ƙoƙo mai motsi biyu. Gashin ƙashi kuma ba ƙari ba ne, rabin aikin ne, a sa kuɗinsa da na zirga-zirgarsa cikin lissafi, tare da maganin hana daskarewar jini na makonnin farko.

A ina, kuma a hannun wa

Asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959, da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, da manyan asibitocin koyarwa, suna yin dashen kwatangwalo, wasu masu hali kuma suna tafiya Indiya ko Masar. Fita waje tana iya ba ka kayan aiki iri-iri a ajiye, amma in gaɓa ta goce ko miki ya fara ruwa bayan wata biyu, wanda ya yi aikin yana wata ƙasa. Ga aiki na biyu, wanda matsalolinsa suka fi yawa, kusancin likita yana da nauyi a ma'auni. Wanda zai fita ya fara samun likitan gida da ya yarda zai ci gaba da duba shi, kuma ya dawo da takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar kowane abu da aka sa masa.

Ko a ina ne, sunan asibiti bai kai amsar likitan muhimmanci ba. A tambaye shi cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, irin wannan na cire ƙarfe a sa kwatangwalo, kana yawan yin sa? Akwai kayan cire karyayyiyar kusa? Akwai doguwar sanda da waya a ajiye ko da ƙashin ya tsage? Jini leda nawa za mu tanada?” Sannan a koma asibitin farko a nemo bayanin aikin da aka yi da sunan ƙarfen da aka sa, a haɗa da duk tsofaffin hotuna, har na ranar haɗarin. Mai ciwon suga ya daidaita shi, mai ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo a ƙafa ya warkar da shi tukuna, sannan a sa ranar aiki.